Likita, me ya sa tarin ɗana ba ya jin magani?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu, muna haya a ɗaki ɗaya. Tun da muka tare a gidan, autana bai rabu da tari ba. In an ba shi magani a asibiti sai ya yi sauƙi, bayan sati biyu abin ya dawo. Bangon ɗakin kullum a jiƙe yake, har ya yi baƙi-baƙi, taga kuma ɗaya ce 'yar ƙarama. Yayata da ke zaune a unguwar masu hali ta ce ƙazantata ce ta jawo. Shin haka ne? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba yaro lafiya. Kafin komai, tarin da ya wuce sati biyu ko yake yawan dawowa, sai an yi masa gwaji. Ki koma ki ce a duba shi kan tarin tibi da asma, kada ki tsaya ga maganin tari na kwalba.

Batun yayarki kuwa, ki yi mata uzuri, amma ba ta yi daidai ba. Baƙin nan da kike gani funfuna ce, danshi ke haifar da ita. Tana sakin ƙananan ƙwayoyi a iska, yaro ya shaƙa dare da rana, hanyar numfashinsa ta kumbura. Ko sau goma kika share ɗakin a wuni, in ruwa na tsattsafowa ta tushen bango ko rufi na yoyo, za ta dawo. Ga mutum shida a ɗaki mai taga ɗaya, numfashin wannan shi wancan ke shaƙa.

Na yi shekaru ina duba yara a wani ƙaramin asibiti, kuma abin da ya fi ci min rai shi ne in sallami yaro ya warke, alhali na san ɗakin da ya sa masa ciwon zai koma ya kwana. Har sai da na koyi tambayar uwa tagoginta nawa kafin in ɗauki biro.

Wannan ba sabon zance ba ne. A 1842 wani jami'in gwamnatin Birtaniya, Edwin Chadwick, ya fitar da rahoto kan rayuwar leburori a Ingila. Ya tarar a birnin Manchester, in aka haɗa har da jarirai, iyalan lebura kan mutu ne a matsakaicin shekara 17, na masu hali kuwa 38. Abin mamakin shi ne, lebura a karkarar Rutland shi ma yana kaiwa 38 ɗin. Talaucin ɗaya ne, wurin kwanan ne ya bambanta. Rahoton na cikin abin da ya kai ga dokar lafiyar jama'a ta 1848. Kuma har 2008 rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna namijin da aka haifa a unguwar Calton ta birnin Glasgow a Scotland ana sa ran ya yi shekara 54, na Lenzie da ke 'yan kilomitoci daga nan kuwa 82.

To wa ya raba unguwannin haka? Nan ne nake so ki tsaya ki duba da kyau. A shekarun 1930 wata hukumar gwamnatin Amurka ta zana taswirar birane, ta shafa jan launi a unguwannin baƙaƙen fata da baƙin da suka yi ƙaura daga wasu ƙasashe, ta ce ba su cancanci bashin gida ba. Kuɗi suka daina shiga, gidaje suka lalace, ba a dasa bishiyoyi ba, aka bi da manyan tituna ta kansu. Wani bincike na 2020 a birane 108 ya gano waɗannan unguwanni sun fi waɗanda aka fifita zafi da kusan digiri 2.6. Waɗanda suka riƙe alƙalamin sun daɗe da mutuwa, jikokin mazauna unguwar na nan suna shan zafin. Inda za a ja bututun ruwa, inda za a haƙa magudana, inda za a jibge shara, wa za a ba takardar fili, duk mutane ne ke zama a ofis su yanke. Yayarki ba ta fi ki tsabta ba, an dai kai wa unguwarsu magudana.

Haka kuma in hukuma ta so gyara, ba sai ta kashe dukiya mai yawa ba. A 2000 jihar Coahuila ta Meziko ta fara dafe wa talakawa ƙasan ɗaki da siminti. Masu bincike sun lissafa cewa in an dafe gida gaba ɗaya, gudawar yara kan ragu da kashi 49 cikin ɗari, tsutsar ciki da kashi 78. Ban san kwalbar maganin da ta taɓa yin wannan aiki ba. A Rochdale ta Ingila kuwa sai da yaro ɗan shekara biyu ya rasu a 2020 saboda funfunar gidan haya, bayan iyayensa sun sha kai kuka, sannan aka yi dokar da ta ɗaure masu gidajen hayar jama'a su gyara irin wannan cikin ƙayyadadden lokaci.

Kafin ki samu sauyin gida, ki janye shimfiɗar yaron daga jikin bangon. Kada a yi girki ko shanya a cikin ɗaki, a bar ƙofa da taga a buɗe duk lokacin da ya yiwu. Ki ɗauki hoton bangon, ki roƙi likita ya rubuta cewa danshi na cutar da yaron, ki kai wa mai gidan. Kada ki je ke kaɗai, in ɗakinki na tsattsafo, na maƙwabciyarki ma yana yi. A unguwar Orangi ta birnin Karachi a Pakistan, tun daga 1980 mazauna kowane layi suka riƙa haɗa kuɗi suna shimfiɗa bututun ƙazanta da kansu, aka bar wa hukuma manyan magudanan da za su kwashe.

Ki sake rubuto min bayan gwajin, ina so in ji abin da aka gani.