Sofokilis da ɗan kuturu

Tambaya daga wani ɗalibi a Zariya: Malam, na ga an rubuta a Facebook "ƙarin maganar Sofokilis", wai kada a ce mutum ya ji daɗin duniya sai an ga ranarsa ta ƙarshe. Muna da irinta?

Bari mu fara da ƙugiyar nan. Karin magana ake cewa, ba ƙarin magana ba. Ƙari shi ne abin da mai tumatir ke ɗora maka bayan ciniki. Kari kuwa irin na hula ne ko na guga: an karya magana an naɗe ta, mai ji ya warware. Shekaru nake faɗin haka, har masu digiri suna maƙala wa harafin ƙugiya don a ga sun iya rubutu.

Sannan wannan ba karin magana ba ce. Karin magana ba ta da uba, shi ya sa muke cewa "Hausawa suka ce". Wannan kuwa an san mai ita. Sofokilis mutumin Girka ne, an haife shi a Kolonus kusa da birnin Atina wajen shekara ta 496 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya rasu yana da shekara casa'in ko kusa da haka. Ya rubuta wasannin kwaikwayo sama da 120, bakwai kacal suka iso mana cikakku. Maganar da ka gani ita ce rufin wasansa na Sarki Idifus, kuma 'yan amshi ne suka faɗe ta bayan sarkin ya gane mahaifinsa ya kashe, mahaifiyarsa ya aura, ya tsiyaye idanunsa da hannunsa. Ka ga cire ta daga nan a liƙa a ƙarƙashin hoton fure cin mutunci ne. A kira ta zancen hikima, ya wadatar.

Muna da 'yar'uwarta: ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Sai dai Bahaushe ya fi sassauci, arba'in ya yanka. Bagirke ya ce sai kabari.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Maraɗi: A wasan Antigoni na Sofokilis, Haimon ya ce wa mahaifinsa Sarki Kiriyon itacen da ya rusuna wa ambaliya yakan tsira, mai taurin kai kuwa a tumɓuke shi har saiwa. Daidai yake da "icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi"?

A'a, Malama, iccen ne ya ruɗe ki. Tamu tarbiyyar yaro take nufi. A can kuwa ɗa ne ke roƙon uba ya sauko daga dokar da ya kafa. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne ta fi kusa. Kiriyon bai ji bari ba, ya ji hoho: ɗan ya kashe kansa, uwar ta bi shi.

Tambaya daga Kumasi: "Wahala ce ke koyar da mutum", Sofokilis ne?

A'a, Eskilus ne, wani marubucin wasan kwaikwayo na Girka, a wasan Agamemnon. Mu jiki magayi muke cewa.