Anti, yarona ba ya iya zama waje ɗaya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ina da yaro ɗan shekara 4, wallahi ya ishe ni da guje-guje, daga ya hau kujera sai ya diro, sai tsakar gida sai zaure. Da safe boko, la'asar islamiyya, in ya dawo sai in miƙa mishi wayata ya kalli katun don in samu in ɗora tukunya. Kakarshi ta ce cutar shi nake, in bar shi ya yi wasa, ni kuma tsoron layinmu nake, ga 'yan adaidaita sahu ga kwata a buɗe. Ya zan yi? Maman Khalifa, Kurna.

AMSA: Wa alaikumus salam Maman Khalifa. Gaskiya Hajiya ta fi ki gaskiya a nan, ki gaishe min da ita. Wannan hawa da dirowar da ke ba ki haushi da shi ƙashin yaro ke ƙwari, tsoka ta ginu, ya koyi tsayawa da ƙafafunshi ba tare da yana faɗuwa kullum ba, sannan in dare ya yi ya yi barci mai nauyi ke ma ki huta. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarar da ta fitar a 2019 ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 180 a rana, 60 daga ciki irin wanda zai sa shi haki da gumi, kallon waya ko talabijin kuma kar ya wuce awa ɗaya. To ki lissafa da kanki, benci a boko, tabarma a islamiyya, sannan waya a ɗaki, yaushe ya samu nashi?

Ki tuna mu da muka taso a cikin gari, in an yi farin wata duk muna dandali, maza na langa mata na gaɗa, da rana 'yar gala-gala da carafke da wasan ɓuya. A nan muka koyi jiran layi, muka koyi a cinye ka ka haƙura, a yi faɗa a shirya kafin a kira mu cin tuwo, kuma bakin yaro a cikin 'yan uwanshi yake buɗewa, katun ba ya mayar mishi da amsa. Ko Manzon Allah (SAW) jikanshi ya hau bayanshi yana sujada, sai ya tsawaita sujadar har yaron ya sauka don kanshi. Wannan kullum yana taɓa min zuciya.

Tsoronki na titi kuwa daidai ne, ban ce ki sake shi a layi ba. Ki share tsakar gida, ki rufe rijiya da bokitan ruwa, ki ɗauke murhu da tafasasshen ruwa daga hanyarshi, ki saya mishi ƙaramar ƙwallo ta roba, ki zana mishi gala-gala da gawayi a siminti, ki kira yaran maƙota biyu uku su shigo. Lokacin zafin nan namu a bari sai rana ta yi sanyi, a ba shi ruwa sosai. Babanshi ma ya shigo ciki don Allah, ranar Asabar ya ɗauke shi zuwa filin makarantar unguwa ko gidan zu, wato gidan namun daji, ya yi ta gudu. Ranar farko da kika hana wayar zai yi kuka kam, ki daure, ki ba shi ƙwallon ki zauna kusa da shi kina yankan kuɓewarki.