Ina Makomar Karnukan Tsere a Lokacin Korona?

TAMBAYA: Malam, na ji an ce a Ingila an ci gaba da tseren karnuka alhali mutane na kulle a gida saboda korona. Shin haka ne? Kuma wa ya kula da karnukan?

AMSA: 'Yar'uwa, da gaskiya a ciki, amma da saura. Da aka sa dokar kulle a Birtaniya a watan Maris na 2020, tseren ya tsaya cak. Ranar 1 ga Yuni aka dawo da shi a Ingila, ba 'yan kallo, sai masu caca ta intanet. Kuɗin caca ne ke riƙe da harkar, shi ya sa aka yi gaggawa.

Abin da ya fi damuna shi ne karnukan. Irin da ake kira greyhound, mai siririn ciki da dogayen ƙafafu, yana gudun kusan kilomita 70 a awa. A kan kwanar fili suke karo da juna, ƙafa ta karye. Lokacin kullen kuwa, masu horar da su ba kuɗin shiga, ga bakuna da yawa na jiran abinci kullum. Kare bai san annoba ba, yunwa ya sani.

A jihar Florida ta Amurka, jama'a sun kaɗa ƙuri'ar hana tseren tun 2018, ya ƙare a ƙarshen 2020. Korona ta sa wasu filayen rufewa kafin wa'adi, ƙungiyoyin sa-kai suka shiga fafutukar nemo wa karnuka gidajen da za su riƙe su.