Amsa ga 'yar'uwar da aka ce ta miƙa fasfonta "a ajiye mata"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ina karanta tambayarki gabana na faɗuwa. Kin ce wannan ce fitarki ta farko ƙasar waje, ke kaɗai, kuma ejan ya ce mutuminsa zai tarbe ki a filin jirgi ya karɓi fasfonki ya ajiye kada ya ɓace, kina son sanin ko haka ake yi da kuma abin da za ki kiyaye. Ba haka ake yi ba. Ko rantsuwa zai yi miki, kada fasfon nan ya bar hannunki.

Lokacin da ni ma na yi tafiya tare da wasu mata, irin wannan mutumin ne ya tarbe mu, baki har kunne, fuska kamar gonar auduga, "sannunku da hanya iyayena", har jaka ya ɗaukar mini. Tun a mota ya ce a tattaro masa fasfo, wai otal ke nema. Washegari ya ce gobe, goben ta zo ya ce jibi, daga nan waya a kashe. Ashe ko kuɗin ɗakin bai biya ba. Ranar da masu otal suka kira mu ƙasa suka ce mu nuna shaida, na tsaya gaban kantar otal ɗin babu takarda ko ɗaya da za ta ce ni ce ni, ga harshen ba ji nake ba, ga biza na ta cin kwanakinta. Wata dattijuwa da muke tare ta zauna a kan akwatinta tana hawaye ba sauti. Da ya ga dama ya bayyana, sai ya ce kowacce ta kawo kuɗin "gyaran takardu". Na ce zan kai shi ƙara. Ya dube ni ya yi dariya, ya ce da wace takardar zan shiga wurin 'yan sanda. Wallahi dariyar nan ta fi kuɗin yi mini ciwo. Kuma har yau ejan ɗin da ya haɗa mu da shi yana nan a Facebook yana tallar tafiya, mutane na ta sa masa albarka a ƙasa. Ni dai na bar shi da Allah, ban yafe ba.

Abin da ya fitar da mu, hoton fasfo ne da 'yata ta ɗauka ta tura mini a waya kafin in tashi. Da shi ofishin jakadancinmu ya gane mu, wani jami'i ya kira mutumin, kafin yamma sai ga yaro ya kawo fasfunan a leda. Don haka ki ɗauki hoton shafin farko da na biza da tikiti, ki tura wa mutum biyu a gida, ki kuma buga a takarda ki sa a wata jakar daban. In ma fasfo ya ɓace gaba ɗaya, sai ki kai rahoto wurin 'yan sanda, ofishin jakadanci na iya ba ki takardar tafiya ta gaggawa ki koma gida. Lambarsu da adireshinsu ki rubuta da biro, waya tana mutuwa. Otal kam kan nemi fasfo don rajista, amma ke za ki miƙa da hannunki, su duba su maido miki. Riƙe wa mutum takardun shaidarsa yana cikin alamomi 11 na aikin tilas da hukumar ƙwadago ta duniya, ILO, ta lissafa, kin ga ba ƙaramar magana ba ce.

Sai saƙo. Don girman Allah kada ki karɓi ƙullin kowa, ko a gida ko a filin jirgi, ko da tsohuwa ce ta roƙe ki. Saudiyya da Singafo da Indunusiya hukuncin kisa suke yankewa kan safarar ƙwaya, kuma "ba nawa ba ne" ba ya fid da mutum cikin sauƙi. Ki tsaya a auna jakarki a gabanki, ki ƙirga 'yan takardun kayan da aka liƙa miki, kada a rataya wa sunanki jakar da ba ki sani ba. Maganinki ma ki bar shi a kwalinsa tare da takardar likita, domin irin su tramadol da kodin sun kai mutane kurkuku a Masar da Dubai. In kuwa aka tsare ki, Allah ya kiyaye, yarjejeniyar Biyana ta 1963, wadda ƙasashe suka ƙulla kan aikin ofisoshin jakadanci, ta ba ki damar cewa a sanar da ofishin jakadancinki. Kada ki sa hannu a takardar da ba ki iya karantawa ba.

Na manta, ki duba ranar ƙarewar fasfonki, ƙasashe da yawa sai da sauran wata 6 suke barin mutum ya shiga. Lambar gaggawa kuma ta bambanta: 112 a ƙasashen Tarayyar Turai, 999 a Ingila, 911 a Amurka. Kuɗi ki raba su gida biyu, kaɗan a jakar hannu, sauran a jikinki. Kuma kada ki gaya wa direban tasi cewa ba ki san kowa a garin ba.

Ki koma wurin ejan ɗin nan ki ce ya ba ki sunan otal ɗin da cikakken sunan mai tarbar, ki kira otal ɗin da kanki ki ji ko an kama ɗaki da sunanki kuma an biya. In ya fara kame-kame, ki dawo nan ki gaya mana, ki faɗi ƙasar da za ki, ba za a rasa wadda ke zaune can a cikinmu ba.