Furen nan mai gashi ba ƙishirwa ke kashe shi ba

Jiya muna jera tukwane ka tambaye ni me ya ruɓar da gindin furen nan mai ganye kamar kunnen zomo, wanda Hajiyar nan ta unguwar Madina ta saya a wurinmu ta dawo mana da shi, alhali ta rantse kullum sai ta ba shi ruwa, har fesa wa ganyen take yi. To yarona, amsar tana cikin rantsuwar tata.

Sunansa a littafi Kalanchoe tomentosa, asalinsa tsibirin Madagaska, inda yake fitowa a tsakanin duwatsu. Matsa ganyen a hankali. Ka ji kaurinsa? Randarsa ke nan, a ciki yake ajiye ruwa. Farin gashin kuma rawaninsa ne, yana tare masa rana, yana hana iska kwashe masa laima. Ko ƙofofin numfashin ganyen da dare yake buɗe su, rana na fitowa ya rufe. Abin da Allah ya yi wa irin wannan tanadi, ina shi ina wanka kullum?

Ga shi kuma a Akra muke, iskar teku ɗauke take da laima. A watan Yuni, lokacin da ruwa ke sauka ba ƙaƙƙautawa, tukunyar da ke cikin ɗaki ba ta bushewa da wuri. Ni nakan yi sati uku ban ba shi ruwa ba. Da hunturu kuwa kwana 10 zuwa 14. Amma kada ka dogara da lissafin kwana. Soka tsinken tsire har ƙasan tukunya, in ya fito da danshi ko ƙasa ta manne masa, ka bar shi. In ya fito a bushe, zuba ruwa a gindi har ya ɗigo ta ramin ƙasa, sannan ka zubar da na cikin faranti. Ganyen dai kada ya jiƙe, don gashin yana riƙe ruwa, daga nan ruɓa ke farawa. Ƙurar hunturu da busasshen burushi mai taushi ake kakkaɓe ta.

Baƙar ƙasar da muke zuba wa sauran furanni ta yi masa nauyi. Haɗa ta rabi da rabi da yashi mai tsakuwa, ka ƙara ɓarɓashin gawayi. Yashin rafi nake nufi, ban da na bakin teku, gishiri ne da shi. Tukunyar ƙasa ta fi ta roba, domin tana shan iska.

A ajiye shi bakin tagar da hasken safe ke shiga. In ka ga ya yi tsawo ya rame, ganyen sun yi nesa da juna, haske ne bai ishe shi ba. Ɗigo-ɗigon nan masu ruwan ƙasa a bakin ganye kuwa adonsa ne, masu saye da yawa na ɗaukar su cuta.

Abin da ke ba ni wahala shi ne ƙwarin nan farare masu kama da auduga, don sajewa suke yi da gashin. Riƙa leƙa inda ganye ya haɗu da kara. In ka gan su, ɗiga sifirit a auduga ka taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Kuma duk mai saye ka tambaye shi ko yana da kyanwa ko kare, don ganyen guba ne a gare su.

Yanzu ɗauko tukunyar Hajiya. Gindin ya tafi, amma na ga ganye huɗu masu lafiya a sama. Murɗe su su fita ɗungurungum, ka ajiye a inuwa kwana uku bakin ya bushe, sannan ka kwantar da su a kan yashi. Tsiron yana da nawa, sai an yi makonni kafin saiwa ta leƙo. In sun kama, na farko nata ne, kai za ka kai mata.