Fijo 504 da ta daɗe a kwance: ta ina ake fara tashe ta?

Tambaya: Oga, akwai Fijo 504 ta babanmu a gida a Tudun Wada, ta shekara goma sha biyu ba a tayar da ita ba. Ina so in gyara ta da hannuna. In sa mata batir in gwada tukuna?

Amsa: Kul, Sani! Ajiye batir ɗin nan. Injin da ya shekara goma sha biyu a kwance, baƙin mai duk ya tsiyaye ya koma ƙasa, silinda ta bushe, wataƙila tsatsa ta riƙe ringi. Kana murɗa makulli, ko ringi ya karye ko ya kankare bangon silinda, ka ga aikin kwana uku ya zama na sauke inji.

Kafin ma ka taɓa inji, ɗage tabarmar ƙasa ka caccaki bene da sukuddireba, ka leƙa inda shokozoba na gaba suka kama bodi. Idan ƙarfen wurin yana marmashewa kamar ƙuli-ƙuli, aikin mai walda ne, kuma shi ne zai gaya maka ko motar ta cancanci kuɗinka. Bi wayoyi ma da ido, ɓera yana son robar waya.

To inji. Cire fulogi huɗun. Na 504 suna can cikin rami mai zurfi, sai da doguwar sifana, kuma ka busa ƙurar ramin kafin ka kwance, kada ƙasar hunturu ta faɗa cikin silinda. Zuba baƙin mai gauraye da gas kamar cokali biyu a kowane rami, ka bar shi kwana biyu ko uku. Sannan ka sa sifana a kan fulin karanshaf ka juya a hankali. In ya cije, kada ka ɗora bututu ka hau kai. Ƙara mai, ƙara haƙuri, ka riƙa girgiza shi gaba da baya kaɗan-kaɗan har ya saki ya yi zagaye biyu cikakku.

Ga inda nake so ka buɗe kunne. Injin 504 silif ɗinsa, wato bututun ƙarfen da fistin ke kai-komo a ciki, a cikin ruwa suke zaune, kowanne da abin toshe ruwa a gindinsa. Idan ta kama sai ka cire kan silinda, kada ka ɗaga shi tsaye, domin gaskit yakan manne ya taso da silif. Girgiza shi gefe har ya rabu. Da ka sauke, nemi manyan wasa (zoben ƙarfen da ake sa wa kusa) da kusoshi ka danne silif ɗin, kuma kada kowa ya juya inji kafin a danne. Fistin yana tasowa zai ture silif, gindin ya motsa, ka haɗa komai tsaf, bayan mako ka ga baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. Yara da yawa gaskit suke zargi, su canza har sau biyu, alhali ɓarnar tana ƙasa.

In ya juya lafiya, zubar da tsohon mai ka duba kalarsa, canza filta, ka zuba sabo lita 4, mai kauri irin 20W-50. Yanzu ne batir zai shigo. Ba tare da fulogi ba, yi kik har fitilar mai ta mutu. Sai ka gyara wuta: tazarar kontak ɗin distribita 0.4 na milimita, ta fulogi 0.6, jerin wuta 1-3-4-2. Ka tuna Faransawa daga wajen fulayiwil suke fara ƙirga silinda ta ɗaya, ba daga gaban mota ba, don haka yi wa wayoyin fulogi alama tun kafin ka zare su.

Fetur ɗin tanki kuwa ya zama ƙaro. Sauke tankin a wanke, wanke kafireta ka busa jet-jet ɗinta da iska, kada ka zura musu waya, ramin zai faɗaɗa ta riƙa shan mai. Canza tiyon fetur duka. Robar cikin famfon fetur ma takan tsage ta riƙa ɗigo a cikin baƙin mai, shinshina sandar auna mai za ka ji. Lagireto a wanke, tiyo da fanbel sababbi.

Kayan nan ba za su gagare ka ba. An haɗa Fijo a kamfanin PAN (Peugeot Automobile Nigeria) da ke Kaduna tun 1975, shi ya sa har yau akwai ragowarsu. Abin da ka rasa a Sabon Gari, ka shiga mota zuwa kasuwar Panteka a Kaduna, amma riƙe tsohon a hannu ka gwada.

Ranar da ta tashi, za ka ji kamar ka zagaya da ita Kwangila. A'a. Man birki yana shan danshi, shekarun nan ya cinye cikin mastan birki. Canza robobin masta da na ƙafafu huɗu da tiyon birki, ka zuba man birki DOT 3 ko DOT 4, kada ɗigon baƙin mai ya shiga, robobi kumbura suke yi. Fitar da iska daga tayar da ta fi nisa da masta. Taya ko zanenta na nan ɗanye ba abin yarda ba ce. Duba lamba huɗun da ke gefenta: 2311 na nufin mako na 23 na 2011. Irin wannan a jefar.

Fenti shi ne na ƙarshe, kada kwalliya ta cinye kuɗin birki. Ka gwada ta a layinku da sassafe, giya ɗaya da biyu, idonka a kan allurar zafi. Ka dawo ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana, da safe ka ga abin da ya ɗiga. In kwalin ya kwana a bushe, sai a nufi wajen VIO don takardar lafiyar mota, a sabunta lasisi da inshora.