Man kanumfari zai iya da ciwon fitsarin da ya gagari magani?

Tambaya: Assalamu alaikum likita, dan Allah ina neman shawara. Kusan wata huɗu kenan ina fama da zafin fitsari, na sha antibayotik kala uku, in ya lafa kamar sati biyu sai ya dawo. To naji ana cewa man kanumfari da man kirfa suna kashe ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, shine nake so in fara ɗigawa a ruwa ina sha. Zai yi min?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu, Allah ya baki lafiya. Amma dan Allah kar ki sha.

Abin da kika ji yana da tushe. A man kanumfari akwai sinadarin eugenol, a na kirfa akwai cinnamaldehyde, kuma masu bincike sun ga cewa in aka zuba su kan E. coli, wato bakteriyar da ke jawo kusan kashi 80 cikin 100 na irin wannan ciwon, suna huda fatar jikinta har ruwan cikinta ya tsiyaye ta mutu, har da masu taurin kan da ake kira ESBL waɗanda ke narkar da magani kafin ya taɓa su. Ni kaina ina murna da wannan binciken sosai.

Sai dai yawancinsa a faranti aka yi a ɗakin gwaji, man yana zaune kai tsaye kan ƙwayar cutar. Ke kuwa in kin haɗiye, hanta zata fara sarrafa shi, abin da zai isa mafitsara ya riga ya canza, in kin ƙara yawa dan ya kai kuma hantar ce zata ji jiki, dan man kanumfari zalla yana ƙona baki da maƙogwaro yana lalata hanta. Shafawa a gaba ma ƙuna ce kawai.

Abin da ya fi damuna shine kala ukun nan da kika sha, an gwada fitsarinki kafin a baki? Kije asibiti ki nemi ayi miki kalca, za a shuka fitsarin kwana 2 zuwa 3 a ga wace ƙwaya ce da kuma maganin da take ji, sau da yawa magunguna irin su nitrofurantoin ko fosfomycin suna ci ko da sauran sun gaza. Duk wanda aka rubuta miki ki shanye shi har ƙarshe ko kin ji sauƙi.

In kuma zazzaɓi ya shigo, ko ciwon kwiɓi da amai, ko kina da juna biyu, a ranar zaki tafi, dan ciwon yana iya hawa ƙoda.